Ciwon da Ba a San Kansa Ba: Daga Rawar Strasbourg Zuwa Gubar Dalma a Zamfara

A watan Yulin 1518, a birnin Strasbourg da ke kusa da kogin Rhine, wanda a yau yake cikin Faransa, wata mata ta fito bakin titi ta kama rawa, ba kiɗa ba waƙa, ba kuma biki ake yi ba. Ta yi ta rawa har gajiya ta kayar da ita, da ta farfaɗo ta miƙe ta ɗora daga inda ta tsaya, aka kwana aka wuni ana abu ɗaya. Kafin mako ya zagayo mutum sama da 30 sun bi sahunta, kuma littattafan tarihin garin sun ce cikin wata guda adadin ya tasam ma 400. Labarin ya yi kama da tatsuniya, amma takardun majalisar birnin na wannan shekara suna nan, kuma a cikinsu ake ganin yadda mahukunta suka yi ta kai gwauro suna kai mari don shawo kan lamarin. Maganar da ake yawan yaɗawa cewa mutum 15 ke mutuwa kowace rana ba ta cikin waɗannan takardu, daga wasu rubuce-rubuce dabam ta fito.

Majalisar ta nemi shawarar likitoci, su kuwa suka ce jini ne ya yi zafi, maganinsa a bar masu rawa su yi ta yi har zafin ya fita. Sai aka buɗe manyan zauruka, aka kafa dandamalin katako a kasuwa, aka ɗauko makaɗa da mabusa aka biya su, har da ƙarti majiya ƙarfi da za su riƙa tallafe duk wanda ya fara tangaɗi. Wannan shawara ita ta rura wutar, domin abin da a da ake yi a lungu yanzu an ɗora shi a tsakiyar kasuwa kowa yana kallo. Da mahukunta suka ga an yi gudun gara an faɗa gidan zago, sai suka sake shawara: suka hana kiɗa da rawa a garin, suka kwashi marasa lafiyar zuwa wurin ibadar wani waliyyin Kirista mai suna Vitus kusa da garin Saverne, inda aka sa musu jajayen takalma aka yi musu addu'o'i. Zuwa watan Satumba abin ya lafa.

An daɗe ana ɗora laifin a kan wata irin fumfuna mai guba da ke kama wani hatsi dangin alkama, kamar yadda burtuntuna ke kama dawa a gonakinmu. Gaskiya ne wannan guba tana sa fizge-fizge da gane-gane, sai dai tana kuma tsuke jijiyoyin jini na hannu da ƙafa har gaɓoɓi su ruɓe, wanda kuwa ƙafarsa ke mutuwa ba shi zai kwana yana rawa ba. Masanin tarihi John Waller ya kawo bayanin da ya fi zama a hankali. Shekarun da suka gabaci 1518 shekarun wahala ne a wannan yanki: amfanin gona ya lalace, hatsi ya yi tsada, ga yunwa, ga agana da tunjere. Kuma mutanen yankin sun gaji wata aƙida tun kaka da kakanni cewa waliyyi Vitus, idan ya yi fushi, yana la'antar mutum da rawar da ba ya iya dainawa. An taɓa ganin irin wannan rawa a birnin Aachen, da ke Jamus ta yau, a 1374, ta bi garuruwan gaɓar kogin Rhine. Mutanen da wahala ta kai su bango, waɗanda suka san akwai la'anar rawa kuma suke tsoronta, su ne suka ga mace tana rawa a titi. Ya kamata a lura cewa maganin da ya yi aiki shi ne wanda ya dace da abin da marasa lafiyar suka yi imani da shi, ya kuma ɗauke su daga idon jama'a.

Wanda zai ce ai wannan zamanin duhun kai ne, sai ya dubi abin da ya faru a Tanganyika, wato Tanzaniya ta yau, makonni kaɗan bayan ƙasar ta sami 'yancin kai. Ranar 30 ga Janairun 1962, a wata makarantar kwana ta 'yan mata ta mishan da ke ƙauyen Kashasha kusa da Bukoba, yamma da tafkin Victoria, ɗalibai uku suka fashe da dariyar da suka kasa tsayarwa. Abin ya bi ajujuwa har ya kama 95 daga cikin ɗalibai 159, aka rufe makarantar ranar 18 ga Maris. Sunan da aka raɗa wa lamarin, annobar dariya, yana yaudarar mai ji, don ba dariyar jin daɗi ba ce. Tana zuwa ne da kuka, da rashin natsuwa, da guje-guje, wani lokaci da faɗa idan an nemi riƙe yarinya, ta tafi ta dawo na tsawon kwanaki. Rufe makarantar bai kashe ciwon ba, ya raba shi ne kawai, domin 'yan matan da suka koma gida sun kai shi ƙauyen Nshamba inda ya kama mutum 217. Kafin ya ƙare an rufe makarantu 14, ya taɓa wajen mutum 1,000. Likitoci biyu, Rankin da Philip, da suka rubuta rahoton a 1963, sun gwada jini da ruwan laka, an binciki abinci, ba a sami ƙwayar cuta ko guba ba. Malaman makarantar Kashasha kuwa, da suke shaƙar iska ɗaya da ɗaliban, ko ɗaya bai kamu ba.

Mu a Zamfara da Kebbi ba ma bukatar a yi mana dogon bayanin yadda abin yake, don da wuya a sami wadda ta yi makarantar kwana ba ta taɓa gani ko ji ba. Yawanci da daddare ne, bayan an tashi daga karatun dare, ko da safe a filin taro rana ta fara zafi. Yarinya ɗaya ta ƙwalla ƙara ta zube, idanu sun juye, yatsu sun ƙage, ƙawaye huɗu sun kasa danne ta. Ana cikin tofa mata Ayatul Kursiyyu sai ta kusa da gadonta ta ce kanta yana juyawa, kafin a ankara ta uku ta faɗi a bakin ƙofa, ɗakin kwana ya kaure da salati da koke-koke. Kafin azahar ta washegari labari ya kai gari, iyaye sun cika bakin ƙofar makaranta, wani dattijo yana ce wa shugabar makaranta, "Hajiya, ki yi mani arziki ki ba ni ɗiyata, in ta ji sauƙi na maido ta." A Kano, a tsakiyar shekarun 1990, irin wannan faɗuwa ta bi makarantun 'yan mata har aka riƙa ambaton wata aljana mai suna Sumbuka. A tsallaken iyaka kuma, a Jamhuriyar Nijar, masaniyar al'adu Adeline Masquelier, wadda ta daɗe tana bincike a Dogon Dutse, ta rubuta yadda ake cewa iskokan da ke hawan ɗalibai suna ƙorafin an sare itatuwan da suke zaune a kai don a gina ajujuwa.

Likitoci suna kallon wannan a matsayin larurar da firgici ke yaɗawa a cikin taro, kuma abu na farko da ya kamata a fahimta shi ne yarinyar ba ƙarya take yi ba. Idan tsoro ya kama mutum, zuciya tana bugawa da sauri, numfashi ya riƙa fita sama-sama. Saurin numfashin nan yana rage iskar kabon da ke cikin jini fiye da kima, jijiyoyin jinin ƙwaƙwalwa su ɗan tsuke, sai jiri ya zo, leɓe da yatsu su yi tsami, hannu ya ƙage, wani lokaci a suma. Duk waɗannan alamu ne na zahiri da za a iya gani a taɓa. Wadda ta ji su a jikinta, alhali ta ga ƙawarta ta faɗi yanzu-yanzu, ba za ta ce numfashi na yi da sauri ba. Za ta ce abin da ya kama waccan ya iso kanta, tsoron ya ninku, alamun su ƙaru. Shi ya sa ciwon ke bin ido da kunne, yana kama wadda ta gani ko ta ji, yana bin ƙawance da kusanci, yana yawan farawa daga babbar ɗaliba da ake ganin girmanta ya gangaro kan ƙanana, yana lafawa idan an raba su, ya kuma dawo idan sun koma wurin da ya fara. Likitan ƙwaƙwalwa Simon Wessely na Ingila ya raba shi gida biyu a 1987. Akwai na firgicin farat ɗaya, mai suma da jiri da amai, wanda kan wuce cikin yini guda. Akwai kuma wanda ke tasowa daga matsin da ya daɗe yana taruwa, mai fizge-fizge da sambatu da sauyin murya, wanda kan ɗauki makonni ko watanni. Na Strasbourg da na Kashasha, da akasarin na makarantunmu, na biyun ne.

Wane matsi ne ya daɗe yana taruwa a kan yarinya 'yar shekara 15 a makarantar kwana a wannan yanki? Amsar ba a ɓoye take ba. Ɗakin da aka gina don mutum ƙalilan ya cika ya batse, abinci ba ya isa, ga bulala, ga manyan ɗalibai, ga jarrabawa, ga wadda ta san ana maganar aurenta a gida ba a tambaye ta ba. A kan wannan aka ɗora abin da ya fi duka nauyi. Ranar 26 ga Fabrairun 2021 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai mata 279 daga makarantar Jangebe a ƙaramar hukumar Talata Mafara, ranar 17 ga Yunin wannan shekara kuma suka shiga kwalejin tarayya ta Birnin Yauri, inda wasu 'yan matan suka kusa shekara biyu a daji. Duk yarinyar da ta kwanta a ɗakin kwana bayan wannan, ƙarar babur da daddare ta ishe ta tashin hankali. Rahotanni daga ƙasashe dabam-dabam sun nuna mata sun fi maza yawa a irin wannan larura, masana kuma suna ta ja-in-ja kan dalili. Ni a ganina wani ɓangare na amsar yana cikin tarbiyyarmu. Yaro namiji idan makaranta ta ishe shi yana tsallake katanga ya shiga gari, ko su haɗu su yi bore su farfasa tagogi. Yarinya kuwa kunya da kawaici aka koya mata, ba ta da bakin cewa ta gaji, ba ta da ikon cewa a mai da ta gida. Ranar da ta faɗi tana magana da muryar da ba tata ba, ranar ce manya ke tsayawa su saurare ta, kuma ba wanda zai ce ta yi rashin kunya, tunda ba ita ta faɗa ba.

Siffar da ciwon ke ɗauka ita ma daga al'adar wurin take fitowa. Inda ake tsoron la'anar rawa, rawa ake yi. Inda ake tsoron iska, murya ce ke sauyawa. Inda ake tsoron guba kuwa, wari ake ji. A watannin Maris da Afrilun 1983, a Yammacin Kogin Jodan, mutum 943, akasarinsu ɗalibai mata Falasɗinawa, suka yi ta suma da ciwon kai da jiri, abin ya faro daga wata makaranta a garin Arraba. Mutanen da ke zaune ƙarƙashin mamaya ba sai an roƙe su su yarda cewa an watsa musu guba ba. Masu binciken da suka zo daga waje sun kammala da cewa mai yiwuwa wata iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai daga masai na makarantar da abin ya faro ce ta tayar da lamarin, sauran kuma tsoro ne ya kai shi garuruwan da iskar ba ta je ba.

Misalin da ya fi nuna yadda sanadi na gaskiya da firgici ke cakuɗewa a abu ɗaya daga talabijin ya fito. Da yammacin 16 ga Disambar 1997, a Japan, an nuna wani kashi na shirin yara mai suna Pokémon, a cikinsa akwai 'yan daƙiƙoƙi da haske ja da shuɗi ke walƙiya wajen sau 12 a daƙiƙa guda. Akwai yaran da irin wannan walƙiya ke tayar musu da farfaɗiya, kuma a daren motocin asibiti sun kwashi yara 685. Sai gidajen talabijin suka ba da labarin, wasu har suka sake nuna wurin walƙiyar, aka kwana ana zancen, yara suka je makaranta suna ba juna labari. Cikin 'yan kwanaki adadin waɗanda aka ce sun ji ba daidai ba ya haura 12,000. Binciken da Benjamin Radford da Robert Bartholomew suka wallafa a 2001 ya nuna akasarin waɗannan ciwon kai ne da tashin zuciya da jiri, ba farfaɗiya ba, da yawansu kuma sai bayan sun ji labari suka fara. An dakatar da shirin wata huɗu. A 2020 da 2021 kuma likitocin jijiya a Jamus da Ingila da Kanada da Amurka suka ga 'yan mata matasa suna tururuwa da fizgar jiki da furta kalmomi ba da sonsu ba, kuma aka tarar da yawansu sun daɗe suna kallon masu irin wannan larura a TikTok. Ke nan yanzu ba sai an kwana ɗaki ɗaya ba. Bidiyon yarinyar da ake yi wa ruƙiyya tana kururuwa, wanda wani ya ɗauka da waya ya tura a WhatsApp, yana iya isa Jega daga Gusau kafin a idar da sallar isha'i.

Sai dai wannan bayani, duk da ƙarfinsa, yana da nasa haɗarin, kuma ba inda ya kamata a fi sanin haka kamar Zamfara. Wanda ya saba cewa tsoro ne kawai yana iya zama malalaci daidai da wanda ya saba cewa iska ce kawai, tunda dukansu biyu sun ba da amsa kafin su duba.

A farkon 2010 ƙananan yara suka fara mutuwa a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Yargalma da Abare da Sunke. Yaro zai fara amai da ciwon ciki, ya yi laushi, sai jijjiga, sai rai ya yi halinsa. Jijjigar yaro kuwa abu ne da a ƙauyukanmu ake saurin danganta shi da iska, ma'aikatan lafiya kuma tunaninsu ya tafi ga zazzaɓin cizon sauro da sanƙarau, tunda lokacin zafi ne. A watan Maris ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF da ke sa ido kan sanƙarau suka tarar da sababbin ƙananan kaburbura da yawa. Aka ba da maganin zazzaɓi da na ƙwayoyin cuta, bai yi aiki ba. Sai da aka aika jini wani ɗakin gwaji a Jamus aka gano dalma ce. Farashin zinariya ya tashi a kasuwar duniya a shekarun, mutane suka koma haƙa, dutsen da suke haƙowa kuwa cike yake da dalma. Ana kawo shi cikin gari a buhu, a farfasa, a niƙa a injin irin na niƙan hatsi, a daka a turmi a tsakar gida, a wanke, a shanya. Ƙurar tana sauka a ƙasan da jariri ke rarrafe, ta hau kan tabarma da ƙwarya da hatsin da aka baza, yaro ya dafa ƙasa ya kai hannu baki. Binciken da hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta yi tare da hukumomin Najeriya a ƙauyuka biyu ya nuna yara 118 daga cikin 463 'yan ƙasa da shekara 5 sun mutu cikin shekara guda, wato ɗaya cikin huɗu. Kashi 97 cikin 100 na yaran da aka gwada sun kai matakin da ake fara ba da maganin fitar da dalma daga jini, da yawansu ma sun zarce iyakar abin da na'urar gwajin hannu ke iya karantawa. Ma'aunin Amurka na lokacin bai yarda dalma ta wuce 400 cikin miliyan a ƙasar da yara ke wasa ba. A wasu wuraren an sami sama da 100,000. Yaran da suka mutu a jihar sun kai aƙalla 400.

Akwai wani abu da mutanen ƙauyukan suka tuna daga baya: kafin yara su fara mutuwa, agwagi sun riga sun ƙare. Wannan ƙaramin bayani ya fi dogon jawabi amfani, domin a cikinsa bambancin ciwon nan biyu yake. Agwagwa ba ta jin jita-jita, ba ta san akwai la'ana ba, haka ma jariri ɗan wata goma. Larurar firgicin taro tana bukatar wanda ya isa ya gani ya fassara ya ji tsoro, shi ya sa take kama matasa ta bar jarirai da dabbobi, ba ta kuma cika kisa ba, kuma wadda ta faɗi da safe takan ci abincinta da yamma. Guba kuwa ba ruwanta da wanda ya ga wani. Tana fara wa mafi ƙanƙanta da mafi rauni, tana bin gidan da ake aikin da rijiyar da ake sha da tukunyar da aka ci, ba ta bin ƙawance, raba mutane ba ya sa ta sauƙi, wanda ta kama kuma yana ƙara tsanani ne kullum. Haka aka gani a Ode-Irele ta jihar Ondo a Afrilun 2015, inda aƙalla mutum 18 suka mutu bayan ciwon kai da makanta ta farat ɗaya. A garin an ce wani abin bauta ne ya yi fushi saboda an keta alfarmar wurinsa, gwaji kuwa ya nuna sinadarin metanol ne a cikin barasar gargajiya da suka sha.

A nan ne maganar addini ke shigowa, kuma bai kamata a kauce mata ba. Samuwar aljanu ba abin musu ba ne ga Musulmi, sura guda ce sukutum a Alƙur'ani da sunansu. Amma yarda da samuwar abu dabam, tabbatar da cewa shi ne ya yi wannan aika-aika ta yau dabam. Ranar da Ibrahim ɗan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya rasu, rana ta yi husufi, mutane suka ce saboda rasuwarsa ne. Bayani ne mai daɗin ji, mai ƙara girma, amma ya ƙi shi, ya ce rana da wata ayoyi ne daga ayoyin Allah, ba sa husufi don mutuwar wani ko rayuwarsa. Karanta wa marar lafiya Alƙur'ani alheri ne, kuma ga yarinyar da tsoro ya cika wa zuciya yana iya zama abin da ya fi komai kwantar mata da hankali. Abin da ban yarda da shi ba shi ne yadda ake yi a wasu wurare: a tara ɗalibai ɗaruruwa a zaure guda, a kunna lasifika, a zaunar da waɗanda suka faɗi a gaba ana yi musu tsawa ana tambayar wane ne kai, me kake so, wani lokaci har da duka, sauran suna kallo jiki na rawa. Wannan dandamalin kasuwar Strasbourg ne aka sake kafawa, kuma wanda ya ƙirga waɗanda suka shiga zauren lafiya suka fita a ɗauke zai gane. Da za a keɓe kowace yarinya a ɗaki shiru tare da mace guda da ta amince da ita, a sa ta numfashi a hankali, a yi mata karatun cikin murya mai taushi, a hana ɗaukar bidiyo, da an sami amfanin karatun ba a biya kuɗinsa da faɗuwar wasu goma ba.

Kafin wannan duka akwai aikin da ba ya jira, kuma tsarinsa bai kamata ya juye ba. A fara da tambayoyin da ke iya ceton rai: akwai zazzaɓi ko sanƙarewar wuya, me aka ci, daga ina aka ɗebo ruwa, an yi feshin maganin ƙwari ko an kunna janareta kusa da ɗaki, akwai dabbar da ta mutu, wa ya fara, wa ya biyo, ina kowa yake tsaye. Sai an rufe waɗannan ƙofofi ake da hurumin cewa firgici ne. Idan kuma an faɗa, a faɗa da ladabi, don uban da aka ce wa 'yarsa ba abin da ke damunta zai ɗauke ta ne ya kai ta inda za a yarda cewa akwai. Bayan an sallami yaran kuma, shugabar makaranta da hukumar ilimi su ne ke da sauran aiki, tunda cunkoso da yunwa da katangar da ta rushe suna nan inda aka bar su.

Gano sanadi ma ba shi ne ƙarshen wahala ba. A Zamfara an tarar ba shi da amfani a ba yaro maganin fitar da dalma a mai da shi gidan da ƙasarsa ke da guba, don haka sai da aka bi gida-gida ana kankare saman ƙasa da fartanya ana zuba sabuwa. An yi wa ƙauyuka bakwai haka tsakanin 2010 da 2011, amma Bagega, wadda ta fi su girma, ta zauna jiran kuɗin gwamnatin tarayya har 2013, yaranta suna ci gaba da haɗiyar ƙura alhali kowa ya san abin da ke kashe su. Haƙar zinariya kuma ba ta tsaya ba, don ba a ba masu yin ta wata sana'ar ba. A 2015, shekara biyar bayan Dareta da Yargalma, yara 28 suka mutu da gubar dalma a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja, a ƙauyukan da su ma ake kai dutsen zinariya cikin gida.